Motar haya mai gado a hamadar Amurka: kwana takwas, mil 1,020, da shafi na huɗu da ban karanta ba

A watan Nuwamba na 2024 ni da autanmu muka karɓi hayar wata ƙaramar bas da aka gyara ta zama ɗakin kwana, a wani ƙaramin kamfani da ke bayan garin Las Vegas. Kwana takwas muka yi da ita muna bin gandayen hamada na jihohin Nebada da Kalifoniya, mu yada zango da yamma, mu taka sayyada da safe. Ba zan kama sunan kamfanin ba, saboda yabo da ƙorafi duka suna bakina, kuma irinsu suna da yawa a garin, tsarinsu kusan ɗaya ne. Mai shirin irin wannan tafiya zai gane su ko ban faɗa ba.

Motar dai ta yi, abin da zan ce a kanta ƙanana ne. Takarda ce ta tsaya min a rai. Yarjejeniyar da na rattaba wa hannu a tsaye, Auta yana ta azalzalata mu kama hanya, ita ta zaɓar mana wuraren da za mu taka da waɗanda za mu hango daga nesa. Zan zo kanta.

Tsawon motar bai kai ƙafa 20 ba, duk wanda ya iya tuƙa ƙaramar mota zai iya da ita. Kujerar baya tana miƙewa ta zama gado mai ɗaukar mutum biyu in ba masu jiki ba ne. A saman rufi akwai tanti mai naɗewa da ɗan tsaninsa. In ka ɗaga ƙofar baya sai ga kicin: rishon gas mai kai biyu, ƙaramin firji mai aiki da batir na biyu wanda sola da injin motar suke yi wa caji, kwanon wanke-wanke da famfon hannu, da tankin ruwa mai cin galan 5, wato kusan lita 19. Akwai tukwane biyu, faranti, cokula, wuƙa, tebur da kujeru biyu masu naɗewa. Babu banɗaki, babu wurin wanka. Wannan sun faɗa ƙarara tun wurin yin rajista, ba zan ɗora musu laifi a kai ba.

Dala 120 na biya a kowane dare, da dala 25 na inshora a kowane dare, da dala 40 na kayan shimfiɗa. Kafin haraji ya kama dala 1,200. Sun riƙe dala 500 a katina a matsayin jingina. Kowace rana an yarje maka mil 100, abin da ya hau kai kuma santi 35 ne kowane mil. A lokacin na ga kamar mil 800 ba za su ƙare ba. Hamada ba ta san wannan lissafin ba.

Matar da ta miƙa mana makulli ta san aikinta. Kusan minti arba'in ta yi tana nuna mana yadda ake buɗe tantin, inda safayar taya da jak suke, yadda ake sauya gwangwanin gas. Ita ta ce in ɗauki bidiyon motar ciki da waje kafin mu fita, ta kuma tsaya sai da ta ga na sauke taswirar yankin a waya, sannan ta ƙara mana da ta takarda. Ta ce akwai wuraren da za mu yini babu sabis. Gaskiya ta faɗa.

Daren farko a Valley of Fire muka yi shi, tafiyar kusan awa ɗaya arewa maso gabas da Las Vegas. Na riga na sayi katin shekara na shiga gandayen gwamnatin tarayya a kan dala 80, ina ta alfahari da shi, sai a bakin ƙofa aka ce min ai nan na jihar Nebada ne, katin ba ya aiki. Na biya, ba tsada. Duwatsun wurin jajaye ne jawur, da la'asar sakaliya kamar an hura musu wuta, kuma a jikin dutsen Atlatl akwai zane-zanen mutanen da, da ake hawa matakalar ƙarfe a gani. Amma abin da ya fi amfanar mu a wurin wani dattijo ne da ya yada zango kusa da mu, shi da matarsa. Ya leƙo kicin ɗinmu, ya ƙwanƙwasa tankin ruwan da yatsa, ya tambayi inda muka nufa. Da na lissafa masa, sai ya girgiza kai ya ce wannan tankin na wanke kofi ne.

Nan na zauna na yi lissafin da ya kamata a ce na yi tun a gida. Jami'an gandun daji suna cewa kowane mutum ya tanadi aƙalla galan ɗaya, kusan lita 4, na sha a rana. Mu biyu ne, lita 8 ke nan, ba a zo maganar girki da wanke-wanke da wanke fuska ba. In aka haɗa da su, tankin lita 19 ba zai kai mu kwana biyu ba, ga shi akwai zangon da za mu yi kwana uku babu famfo ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a hanya muka fafe tamu: washegari a garin Pahrump muka sayi manyan jarkoki biyu muka cika, muka kuma cika tankin mai, don man da ake sayarwa a cikin kwarin tsadarsa ta wuce misali. Kamfanin da yake ba da haya ga masu shiga hamada bai kamata ya bar wannan ga sa'ar haɗuwa da dattijo ba. Jarka biyu nawa take? Su saka a motar su ƙara a kuɗin, babu wanda zai yi musu.

Daga Pahrump muka gangara Death Valley, Kwarin Mutuwa, sunan da ya samo asali daga wani ayarin masu neman zinariya da suka ɓata a ciki a 1849. Kwana uku muka yi a zangon Furnace Creek, wanda shi kansa yana ƙasa da matakin teku. Daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu ana kama wuri a nan ne ta shafin Recreation.gov, kuma na kama namu tun watanni kafin tafiyar. Akwai famfo da banɗaki mai ruwa, don haka rashin banɗakin motar bai dame mu ba. A nan ne aka auna digiri 56.7 na zafi ranar 10 ga Yuli, 1913, amma a Nuwamba rana mai daɗi ce, dare kuma sanyi kaɗan. A nan motar ta fi burge ni. Da asuba mu naɗe tanti cikin minti biyar, mu tuƙa zuwa Zabriskie Point, mu ɗaga ƙofar baya mu ɗora ruwan zafi, muna kurɓa muna kallon rana tana bin tuddan nan masu launin ƙasa da ruwan ɗorawa ɗaya bayan ɗaya. Masu kwana a otal suna isowa a gurguje da kofin takarda, mu kuwa gidanmu yana bayanmu.

Gajartar motar ma ta yi rana. Hanyar Artists Drive, mai mil 9 da ake bi ta fuska ɗaya, ba a barin motar da ta wuce ƙafa 25 ta shiga saboda kwanoninta, haka ma ƙarshen hawan Dante's View. Manyan motocin kwana suna tsayawa a ƙasa, mu muka wuce. Hawan ƙarshe na Dante's View a tsaye yake, motar ta yi nishi amma allurar zafin inji ba ta motsa ba. Daga can sama, fiye da mita 1,600, kana hango farin gishirin Badwater a ƙasa, mita 86 ƙasa da matakin teku, wurin da ya fi ko'ina zurfi a Arewacin Amurka, a gabanka kuma ga tsaunin Telescope da ya haura mita 3,300. Wajen saukowa na sa ƙaramar giya na ƙyale birki ya huta, kamar yadda matar nan ta ce. Mun sauka Badwater da la'asar muka yi tafiya a kan gishirin, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Wani jami'i ya ce da mun zo bara da mun tarar da tafki a wurin, saboda ruwan da ragowar guguwar Hilary ta zubar a Agustan 2023, wanda ya lalata hanyoyi har aka rufe gandun kusan wata biyu. Mu busasshe muka samu.

Tafiyar ƙafa da ta fi min daɗi ita ce ta Golden Canyon zuwa Red Cathedral, mil 3 zuwa da dawowa, cikin wani kwazazzabo da bangonsa yake ƙara matsewa kana ƙara shiga. Ko a Nuwamba da hantsi ya yi sai da muka shanye lita biyu-biyu, kuma ba ka ganin gumi, iskar tana shanye shi kafin ya taru. Wannan ne yake yaudarar mutane. Mun leƙa kangon masana'antar farin ma'adinin da ake kira boraks ta Harmony, inda daga 1883 zuwa 1889 ake ɗora ma'adinin a manyan amalanke, alfadarai 18 da dawakai 2 su ja shi mil 165 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave. Amalanken suna nan. Na tsaya kusa da ƙafar ɗaya, ta fi ni tsawo, sai na ji kunyar ƙorafin da nake yi a kan katifa.

To, ga maganar takarda.

Abin da ya sa Auta ya biyo ni tafiyar nan tun farko shi ne Racetrack, busasshen tafkin nan da duwatsu suke tafiya su bar sawu a bayansu. Shekaru ana mamakin abin, sai a 2014 masu bincike suka nuna cewa ƙanƙara ce siririya take kwanciya a kan ɗan ruwa da dare, in rana ta fito ta farfashe, iska ta tura ta, ita kuma ta tura duwatsun. Ya haddace labarin kamar karatu. A dare na biyu na ɗauko yarjejeniyar don in duba lambar wayar gaggawa, idona ya faɗa kan shafi na huɗu. An rubuta da ƙananan haruffa cewa ba a yarda motar ta sauka daga kwalta ba. Duk hanyar da ba a shimfiɗa wa kwalta ba haramun ce, ko ta tsakuwa ko ta ƙasa. Wanda ya saɓa, inshorarsa ta faɗi, kuɗin janwe da na gyara a wuyansa, kuma akwai na'urar da take nuna musu inda motar take.

Racetrack kam na haƙura da shi ba tare da jayayya ba. Mil 27 ne na tsakuwa mai kaifi daga ramin Ubehebe, hanyar da ta yi suna wajen fasa taya, ko jami'an gandun suna cewa sai mota mai tsawon ƙafa da taya mai ƙwari. Ba wurin wannan bas ba ne, ko an yarda. Amma dokar ba ta bambance tsakanin wannan da 'yar gajeriyar hanyar da ƙananan motoci suke bi kullum ba. Mosaic Canyon, mil biyu da 'yan kai na tsakuwa daga kwalta. Natural Bridge, mil ɗaya da rabi. Devil's Golf Course, wajen mil ɗaya. Twenty Mule Team Canyon gaba ɗayanta. Duk waɗannan suna cikin jerin da na rubuta tun a gida, duk na soke su da biro a daren nan.

Da safe na samu sabis na kira su. Wanda ya ɗauka bai yi min rashin kunya ba, bai kuma sassauta ba. Ya ce tayoyin na kwalta ne, kayan kicin ɗin kuma girgizar hanya tana kwance musu kusoshi, kuma janwe daga tsakiyar kwarin yana iya cin abin da ya fi kuɗin hayar gaba ɗaya. Hujjarsa ta zauna, ban musa ba. Abin da na ce masa shi ne: hotunan da kuka cika shafinku da su, motar nan ce a tsaye a kan jar ƙasa, babu kwalta ko ta magani, rana tana faɗuwa a bayanta. Da hoton kuka sayar min, da shafi na huɗu kuka karɓe. Ya yi 'yar dariya ya ce zai isar da saƙo. Rabin laifin nawa ne, na sani, babu wanda ya riƙe min hannu na sa hannu. Amma sharaɗin da zai soke sulusin tafiyar mutum a shafin farko ya kamata ya zauna, da manyan baƙaƙe, kusa da farashi. Matar nan da ta yi minti arba'in tana koya min kunna risho, jimla ɗaya ta ishe ta.

Mun rama da tuddan rairayi na Mesquite Flat, waɗanda suke daf da bakin kwalta kusa da Stovepipe Wells. Muka cire takalma muka hau mafi tsawonsu gab da magariba. Auta bai ce komai ba, amma na san ba abin da ya zo gani ba ke nan.

Rana ta biyar muka fita ta Death Valley Junction, muka bi hanya mai lamba 127 ta Shoshone zuwa Baker, inda aka kafa wani dogon ma'aunin zafi mai ƙafa 134 don tunawa da zafin nan na 1913, wanda digiri 134 ne a ma'aunin Amurkawa. A Baker ake shan mai, domin babu gidan mai a cikin gandun Mojave. Daga nan hanyar Kelbaker ta miƙe kudu, babu kowa sai mu, har tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kelso da aka gina a 1924. Gaba kaɗan sai ga mararrabar tuddan Kelso, tuddan da suka kai wajen mita 200, waɗanda in ka zamo daga samansu rairayin yake yin wani gurnani kamar jirgin sama yana wucewa can nesa. Mil 3 ne daga kwalta zuwa inda ake ajiye mota. Mil 3 na ƙasa.

Na tsaya a bakin mararrabar na kashe mota. Wata ƙaramar mota, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ta wuce mu ta shige tana tayar da ƙura.

"Yaya, mil uku ne fa. A hankali za mu bi."

"Auta, katin wa aka riƙe?"

"Ai ba za su duba ba."

"In taya ta fashe a mil na biyu fa? Kai za ka ɗauko ta a ka?"

Ya fita ya zauna a kan bambar gaba yana kallon tuddan, ni ma na fito. Mun fi rabin awa a wurin. Na yi lissafin mu taka da ƙafa, sai na ga mil shida ne zuwa da dawowa kafin ma a fara hawan, ga rana ta karkata. Har yau ina ganin daidai na yi, kuma har yau abin yana min ciwo.

A Hole-in-the-Wall muka kwana, hanyarsa kwalta ce har ƙofa in ka zagayo ta babbar hanya mai lamba 40, zagayen da ya ci mana mil masu yawa. Da safe muka bi wata gajeriyar hanyar ƙafa da ake kama zobban ƙarfe da aka kafa a jikin dutse ana hawa ta cikin matsattsen kwazazzabo. Nan fuskar Auta ta ɗan saki.

Kwana ukun ƙarshe a gandun Joshua Tree muka yi, a zangon Jumbo Rocks, bayan mun ratsa Amboy da Twentynine Palms. Wuri ne da ban taɓa ganin irinsa ba: manyan duwatsu mulmulallu an jibge su kamar da gangan, kowane zango a lungunsa, ga bishiyoyin da wurin ya ci sunansu, masu hannuwa a sama kamar suna roƙo, waɗanda a gaskiya ba bishiyoyi ba ne sosai, dangin wani tsiron hamada ne da ake kira yuka. Babu famfo, babu wuta, babu sabis. Lambar gaggawar kamfanin, wadda aka ce tana aiki dare da rana, ado ce kawai a nan. Jarkokin Pahrump, da muka sake cikawa a gari kafin mu hau, su suka riƙe mu. Mun koyi goge faranti da takarda kafin a sa masa ruwa, kofi ɗaya ya wanke kwanukan dare. Itacen wuta ma a gari ake saye, an hana tsintar ko da busasshen reshe. Da farko na ga kamar tsanani ne, sai na karanta a wani allo cewa dalilin kafa wurin ma ke nan: wata mata, Minerva Hoyt, ta ga yadda ake tumɓuke tsirran hamada ana kai wa lambunan Los Angeles, ta dage har Shugaba Roosevelt ya ba yankin kariya a 1936, aka ɗaga shi zuwa cikakken gandun ƙasa a 1994, shekara ɗaya da Death Valley.

A nan aibin motar na gaske ya fito, wato sanyi. Jumbo Rocks yana sama da mita 1,300, iskar a bushe take, babu gajimare, don haka duk zafin da ƙasa ta sha da rana yana tsere wa sama da zarar rana ta faɗi. Kafin isha mun sa duk rigunan da muka zo da su. Kayan shimfiɗar dala 40 ɗin nan, zanen gado ne da filo da bargo ɗaya-ɗaya marar kauri, irin na ɗakin da ake hura wa ɗumi. Motar ba ta da abin ɗumama ciki in an kashe inji. Tantin sama kuwa, da iska ta taso tsakar dare, sai ya riƙa kaɗawa yana jijjiga motar gaba ɗaya. Wajen ƙarfe biyu na ji ana ƙwanƙwasa gilashi.

"Yaya, don Allah matsa min."

Haka muka ƙarasa kwanakin a gadon ƙasa, bargo biyu a haɗe, kowa da hularsa. Da asuba ruwan da muka bari a kofi a kan tebur ya yi fatar ƙanƙara. Rishon ma ya ƙi ba da wuta sai wata 'yar shuɗiya mai rawa, saboda gas ɗin butan ne, shi kuwa in sanyi ya kusa daskarar da ruwa ba ya tashi daga gwangwani. Dabarar da muka gano ita ce mu kwana da gwangwanin a cikin bargo. Wanda zai je tsakanin Nuwamba da Maris, ya bar musu kayan shimfiɗarsu, ya sayi jakar barci ta sanyi. Kamfanin kuma ya san watan da na karɓi motar, ya san inda na nufa, don an tambaye ni a fom.

Firjin ya mutu a dare na biyu a wurin, saboda mun yini ba mu tuƙa ba, ga motar a inuwar dutse, ga ranar Nuwamba gajeriya, sola bai samu abin kirki ba. Ban riƙe wannan a zuciya ba, don waje ya fi cikin firjin sanyi. Da muka tuƙa zuwa Keys View washegari ya farfaɗo da kansa.

Tafiye-tafiyen ƙafa da muka yi a nan duk a bakin kwalta suke farawa, sai hanyar Geology Tour, wadda ta ƙasa ce, da muka tsallake. Hidden Valley mil ɗaya ne a zagaye, ko yaro zai yi. Tsaunin Ryan mil 3 ne zuwa da dawowa, hawan kusan mita 300 a kan matakalan dutse, gwiwata ta gaya min shekaruna. Sai lambun murtsunguwar da ake kira coya, wadda daga nesa take kama da abu mai laushi, da hasken safiya kamar an yi mata rawanin zinariya. Alluna ko'ina suna cewa kada a taɓa. Auta bai taɓa ba, ya dai ja da baya yana neman hoto, wani kurtsitsi da ya faɗo ƙasa ya maƙale masa a ƙwauri. Ƙayar tana da ƙananan ƙugiyoyi, in ka kama da hannu sai ta koma hannun. Da mataji ake zura wa tsakaninta da fata a fizge, sannan a bi ragowar da matsefata. Akwatin taimakon gaggawa na motar yana da duka biyun, har da mataji. Wanda ya haɗa akwatin nan ya san inda motocinsu suke zuwa, kuma na yaba masa. Shi ya sa ma maganar ruwa da bargo ta ƙara ba ni mamaki.

Dare kuwa, duk da sanyin, sai da muka riƙa fitowa. Taurari a wurin sun yi yawan da har sai ka rasa waɗanda ka sani a cikinsu. Can cikin duwatsu karnukan dajin nan masu kama da dila suna ta kuka suna amsa wa juna.

Ranar mayarwa na tsaya a wani gidan mai na share rairayi da tsintsiyar da ke cikin motar, na cika tanki. Ma'aunin ya nuna mil 1,020, wato 220 sun hau, dala 77. Saurayin da ya karɓa ya nuna min wani ɗan tsagu a gilashin gaba, na buɗe bidiyon ranar farko, ga shi nan a minti na biyu. Ya ce shi ke nan, bai ƙara ko kalma ba. Bayan kwana shida ragowar jinginata ta dawo cif, babu wani kuɗin shara ko na wani abu da aka ƙirƙiro. A wannan fannin mutanen kirki ne.

Wa zan ce ya ɗauka? Wanda zai fara zuwa, yana son manyan wuraren da kowa yake zuwa, ba ya son kafa tanti da tuge shi kullum a cikin iska, motar nan za ta yi masa, in ya ƙara jarka biyu da jakar barci ya kuma lissafa mil ɗinsa da gaskiya. Mutum biyu ne daidai, uku takura ce. Wanda kuwa ransa yake kan wuraren da kwalta ba ta kai ba, kada ya ɓata kuɗinsa, kuma kada ya ɗauka ƙaramar motar haya ta filin jirgi za ta fisshe shi, yawancinsu irin wannan sharaɗin ne a takardunsu. Sai ya nemi masu ba da hayar mota mai jan ƙafa huɗu waɗanda suka rubuta a fili cewa an yarda a bi tsakuwa. A maki goma na ba su bakwai: biyu na cire saboda shafi na huɗu, ɗaya saboda bargo.

Auta ya riga ya samo wani kamfanin mai irin waɗancan motocin, yana so mu koma Kelso da Racetrack a Maris. Na ce su fara turo min yarjejeniyar kafin a yi maganar rana. Sun turo, shafi goma sha ɗaya ce, ina na shida.